Ƙaramin gidan wasa ko babba: a ina lemo ya fi cin aljihu?

Hajiya, kin ce kina son kai yaranki uku su kalli wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa a karon farko, kuma gidaje biyu ne kusa da ku: ƙarami na masu aikin sa kai, da babba inda ƙwararrun 'yan wasa masu zagaya gari-gari ke sauka. Kin kuma ji ana kukan tsadar lemo da kayan taɓawa, kina tambayar wanne ya fi. Na shiga irin gidajen nan biyu, da yara da kuma ni kaɗai, bari in jera miki su ki gani.

Mu fara da lemon tunda shi ya fi tsaya miki a rai. Ruwa ba ya tsami banza. A babban gida, kuɗin tikiti ba na mai gidan ba ne shi kaɗai. Wasan da ya zo daga wani wuri yana da masu shi, kuma galibi su ke kwashe kaso mafi tsoka na kuɗin ƙofa, don da shi ake biyan 'yan wasa da makaɗa da manyan motocin da ke jigilar kayan dandamali, a kuma biya haƙƙin waɗanda suka rubuta labarin da waƙoƙin. Ɗan abin da ya rage wa gidan da shi zai biya wuta da ma'aikata da gyaran gini. Teburin sayar da lemo kuwa nasa ne, ba ya raba cinikinsa da masu wasan, don haka a nan yake neman mai da hasara. Ga shi lokacin cinikin ƙanƙane ne: 'yan mintoci kafin a buɗe labule, sai hutun rabin lokaci na minti 15 zuwa 20. Masu sayarwar kuma albashin yammacin gaba ɗaya za a ba su. Ki haɗa da cewa manyan gidaje da yawa suna duba jaka a bakin ƙofa, ba sa barin a shiga da abinci daga waje. In kin shiga, babu wani mai sayarwa sai su, kuma sun san haka sarai.

Na taɓa ɗanɗana kuɗata a wani babban gida. Ana kunna fitilu aka ce hutu, 'yar ƙaramata ta hango yara riƙe da ƙananan robobin askirim, ta kafe sai an saya mata. Muka bi layi ya yi kwana har bakin matakala. Kafin a zo kanmu an kaɗa ƙararrawar farko ta komawa. Na karɓi askirim biyu da lemo biyu, mai sayarwa ta faɗi kuɗin, sai da na sa ta maimaita, don ya kusa kai tikitin yaro ɗaya. Muka shanye a tsaye muna sauri, rabin askirim ɗin ya ƙare a rigarta.

Ƙaramin gida ma ba kyauta yake samun wasan ba, mutane da yawa ba su san wannan ba. Ko makaranta ce za ta yi sanannen wasa, sai ta sayi lasisi daga kamfanin da ke riƙe da haƙƙinsa, irin su Music Theatre International, wanda mawaƙi Frank Loesser ya kafa a 1952. Ana yanke kuɗin ne bisa yawan kujeru da farashin tikiti da adadin ranakun wasa, ga kuma hayar littattafan wasan da na kiɗa. Bambancin shi ne ba su da albashin da za su biya a bakin teburi. Wadda ke miƙo miki shayi wataƙila uwar ɗaya daga cikin 'yan wasan ce, kayan ma sarinsu aka yi aka ɗora 'yar riba, kuma ribar fenti da yadin ɗinka tufafin wasa na gaba za ta saya. Shi ya sa a can ko ba na jin ƙishi nakan sayi wani abu, ba na jin an cuce ni.

Sai dai araha ba ta ado, gaskiya ɗaya ce. Abin da za ki gani a dandamalin babban gida daban ne: makaɗa zaune a rami gaban dandamali suna kiɗa kai tsaye, kowane ɗan wasa da 'yar makirufo manne a goshi ko kumatu, gini guda ya juya ya koma wani wuri cikin ƙiftawar ido. A ƙaramin gida kuwa mai yiwuwa fiyano ɗaya ce da ganga, ko kiɗan da aka naɗa, wani lokaci murya ta shaƙe, ƙofar katako ta ƙi buɗuwa. Amma ki lura da inda za ki zauna. A birnin New York ba a kiran gida na Broadway, wato rukunin manyan gidajen wasan birnin, sai yana da kujera 500 zuwa sama, gidaje 41 ne ke da wannan matsayi, wasunsu sun haura kujera 1,500. A gini mai wannan girma, tikitin araha can ƙololuwa yake kai mutum, inda 'yan wasa suke komawa kamar tururuwa. A ɗaki mai kujera ɗari da ɗoriya kuwa yaro yana ganin zufa a fuskar mai waƙa, yana jin takun rawa a ƙarƙashin kujerarsa. Ga ɗan shekara shida, wannan ya fi masa injin juya dandamali.

Akwai kuma tsawon zama. Yawancin manyan wasannin suna cin awa biyu da rabi har da hutu, Les Misérables ma yana dosar awa uku. Yaron da ya fito da ciki wayam, kafin hutu ya fara mutsu-mutsu, kuma a lokacin ko nawa aka ce miki za ki biya. Wasu wasannin ba su da hutun kwata-kwata, kamar Six, da ke ƙarewa cikin kusan minti 80, an huta da bin layi ke nan.

Lemo ma ba shi kaɗai ke yagar aljihu a babban gida ba. Akwai teburin riguna da kofuna da 'yan tsana masu tambarin wasan, kuma a daidai hanyar fita ake girke shi. Ɗan littafin da ke ɗauke da sunayen 'yan wasa, a Broadway kyauta ake raba shi, wanda ake kira Playbill, a Landan kuwa saye ake yi. Ga kuɗin hidima da ake ɗorawa in an sayi tikiti ta intanet, sau da yawa a kan kowane tikiti, ku kuma huɗu ne.

Da ni ce ke, wannan karon ƙaramin zan je. Yaran ba su taɓa gani ba, ba ki san ko za su iya zama ba, in kuma ɗaya ya fashe da kuka kuka fito a tsakiya, asarar ba mai yawa ba ce. Babban ki ajiye shi sai sun nuna suna so, ki tara kuɗin kujera mai kyau maimakon ta ƙololuwa. Ranar da za ku je, ku ci ku ƙoshi daga gida, ki kuma gaya musu tun a mota cewa abu ɗaya-ɗaya za a saya. Gidaje da yawa suna karɓar odar abin sha kafin a fara wasa, in an fito hutu ki tarar da naku a ajiye da lamba a jiki. Ruwa kuwa ki tambaya kafin ki sayi na gora. A Ingila da Wales, tun 2010 doka ta tilasta wa duk wurin da ke da lasisin sayar da barasa ya ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema, a wasu wuraren ma akan ajiye jug da kofuna a gefen teburi ba tare da an yi shela ba.

Kafin ki biya ko wanne, ki buga musu waya ki tambayi shekarun da suka yarda yaro ya shiga, da kuma ko suna barin a shigo da gorar ruwa. In sun ce ana iya shiga da abin taɓawa, don Allah ki juye shi a ƙaramar roba tun daga gida, saboda ƙarar leda a tsakiyar waƙa mai sanyi har layi biyar ake jin ta, kuma duk za su waiwayo.