Tsinken gwajin fitsari na Multistix 10 SG: mai lupus zai amfana, amma da sharaɗi

Lupus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, a ɓoye take cin ƙoda. Garkuwar jiki ce ke far wa matatan ƙodar, kuma sau da yawa furotin kan fara zuba cikin fitsari tun ƙafa ba ta kumbura ba, tun kiriyatinin (dattin da ƙoda ke tacewa daga jini) bai hau ba. A nan tsinken nan na kamfanin Siemens yake da rana. Kwalba ɗaya tsinke 100 ne, kowanne da gida goma masu sauya launi, sai dai gida biyu ne suka fi shafar mai lupus: furotin da jini.

Fitsarin asuba ake so. A bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya a mazubi mai tsabta, a tsoma tsinken a zare nan take, a kwantar da shi. Bayan daƙiƙa 60 a gwada da launukan jikin kwalbar a wuri mai haske. A gidan furotin, alamar + kusan miligiram 30 ce a desilita, ++ 100, +++ 300. Wanda ya bari ya daɗe kafin ya duba, launin zai yaudare shi.

Raunin tsinken shi ne kaurin fitsari yake bi. Wanda ya ɗirki ruwa zai iya ganin babu komai alhali furotin na zuba. Mai azumi ko zazzaɓi kuwa ya ga + ya tayar da hankalinsa a banza. Jinin al'ada yana ɓata sakamako, yawan bitamin C yana iya ɓoye jinin. Ga danshin daminar Jos: a bar murfi a buɗe, ko a jefar da ƙunshin busarwar da ke ciki, tsinkayen sun tashi aiki.

Muna ganin ya cancanci saye, a yi gwajin gwargwadon yadda likita ya tsara, a riƙa rubuta sakamako da kwanan wata. In + ta maimaitu, sai asibiti, kamar sashen ƙoda na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), a auna furotin da kiriyatinin na fitsari a ɗakin gwaji. In furotin ya haura giram 0.5 a rana, likita kan yi batun ɗebo ɗan naman ƙoda da allura. Tsinken ba ya faɗin eGFR, wato ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda, wannan sai an ɗebi jini. Kafin a ga likita, a nisanci diclofenac da ibuprofen na kemis, kuma kada a ajiye maganin lupus na hydroxychloroquine don tsinke ya fito fes.