Tsohuwar Land Cruiser da sabuwar a-kori-kura: abin da na gani a hanyar ƙauye

Land Cruiser ɗina buɗaɗɗiya ce ƙirar 75, cikin jerin 70 ɗin da Toyota ta fara fitarwa a 1984. Injinta 1HZ ne mai silinda shida, lita 4.2, mai shan gas, babu turbo babu kwamfuta. Da ita nake kwaso riɗi da gero daga ƙauyukan Gumel da Maigatari zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano. Daga baya na ƙara da sabuwar a-kori-kura, ita ma mai gas, don haka duka biyun na san halinsu.

A kan kwalta sabuwar ta yi mata nisa. Ga sanyi, ga gudu, ga ƙarancin shan mai, mutum ya isa gida bayansa lafiya. Tsohuwar kuwa ƙarfin injinta bai wuce doki 130 ba, in an yi mata lodi sai haƙuri a kan tudu, kuma sifirin ɗinta na faranti yana jijjiga mutum sosai in babu kaya a baya.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne inda mota za ta tsaya da wanda zai iya tayar da ita a wurin. Famfon man 1HZ na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta ke sarrafa shi ba. In iska ta shiga layin mai ko matata ta toshe, bakaniken ƙauye da sifana zai kwance, ya wanke, ya fitar da iskar, ka kama hanya. Sabuwar tana tura mai cikin nozul da matsi mai tsanani, kwamfuta ce ke sarrafa komai, kuma ba ta jure gurɓataccen mai ko kaɗan. Na taɓa sayen gas na jarka a bakin hanya, ashe da ruwa a ciki. Fitila ta kunnu a gaban sitiyari, mota ta ƙi jan kaya. Bakaniken garin ya leƙa ya ce, "Alhaji, wannan sai mai na'ura." Janyo ta aka yi har Kano, kuɗin nozul kuma ya cinye ribar lodin. Ba laifin motar ba ne, amma irin man da ake samu ke nan a inda nake aiki. 

Sai dai tsohuwar mota tana son kulawa kullum. Bel ɗin taimin kada a bari ya wuce lokacinsa, domin in ya tsinke injin ne zai tafi. Lagireto ya zama tsaf, a canza baƙin mai da matata a kan kari. Kayan gyaranta ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, amma jabu ya yi yawa, sai ka je da bakaniken da ka yarda da shi. Wanda zai saya kuma ya shiga ƙarƙashinta da kansa ya duba shasi, don da yawa an yi musu walda an shafe da fenti.