Filin harbi na kuɗi a Saudiyya, da abin da mutum zai tarar in ya je

'Yan uwa na gida, tambaya ta yi yawa a kan hotunan samarinmu mazauna Riyad da Jidda da kuke gani, kunne a rufe, ido da tabarau, bindiga a hannu. Wasu sun zaci aikin soja yaran suka shiga, wasu kuma hankalinsu ya tashi. Filin harbi ne na kuɗi, wanda Larabawa ke kira maidanur rimaya. Mutum ya biya, a ba shi aron bindiga da harsashi ƙidayayye, ya harba a gaban malami, ya mayar da kayan mutane, ya fita hannu rabbana kamar yadda ya shigo.

Bindigar ta wurin ce, kuma ba ta ƙetare bakin ƙofa. Harkar makamai a nan tana ƙarƙashin dokar makamai da harsasai ta shekarar 1426 Hijira, wato 2005, kuma Ma'aikatar Cikin Gida ce ke ba da lasisi. 'Yan ƙasa ne ke neman lasisin mallaka, su ne kuma ke sayen bindiga a baje kolin shaho da farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad. Baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, kada ya sa rai da wannan, iyakarsa haya a cikin fili. A Najeriya dokar 1959 ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin su mai baki biyu sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuwa Kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininta. Doka dai akwai ta a duka ƙasashen biyu. Abin da muka rasa a gida shi ne wurin da farar hula zai je a koya masa riƙon bindiga a tsanake, domin filayen harbinmu galibi na soja da 'yan sanda ne.

A bakin kanta abu na farko da za a tambaye ka shi ne shaida: iƙama mai rai ga mazauni, fasfo ga wanda ya zo ziyara. Ana rubuta lambarka, irin bindigar da ka karɓa, da adadin harsashin da ka saya, sannan ka sa hannu a takardar sharuɗɗa. Wanda takardunsa ba su cika ba ya yi zamansa a gida, wannan ba wurin zuwansa ba ne. Kowane fili da sharaɗinsa na shekaru da na lokacin mata da iyali, don haka a buga waya kafin a kama hanya. Hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, shi ya sa daren Alhamis da na Juma'a ake cinkoso. Mai son malami ya samu lokacinsa sosai ya zaɓi tsakiyar mako.

Kuɗi yana bin yawan harsashi da girmansa. Larabawa na cewa ɗalƙa, wato harbi ɗaya, kuma da ita ake ciniki. Kafin ka miƙa katin mada, wato katin banki na Saudiyya, tambayi abu uku: ko an riga an sa harajin kashi 15 cikin ɗari a farashin, ko hayar bindiga da malami suna ciki, da ko takardar saiti, wato wadda ake harbi, ta biyu sai an biya. Gidan harsashin ƙaramar bindigar hannu Glock 17 yana cin 17, na Glock 19 yana cin 15, kuma mai gaggawa zai iya zazzage su cikin 'yan daƙiƙu, kuɗi sun tafi bai koyi komai ba. Gara a loda biyar-biyar, a harba, a jawo takarda a duba, sannan a ci gaba.

Yawancin sabbin zuwa suna nuna babbar bindiga tun daga ƙofa, kuma a ganina wannan ne kuskuren farko. A fara da ta iska, wadda ake kira saktun a nan, mai 'yar dalma milimita 4.5, a tazarar mita 10. In ana son ta wuta, a ɗauki mai harsashi .22, wato milimita 5.6: harsashinta ya fi araha, ƙararta da sauƙi, ba ta kuma dukan hannu. Sai hannu ya faɗa a koma musaddas, wato ƙaramar bindigar hannu, mai milimita 9. Wanda ya fara da mai ƙarfi, jikinsa zai koyi zabura tun harbin farko, kuma cire wannan ɗabi'a ya fi koyon harbin kansa wuya.

Maganar tufafi kuwa ta shafe mu fiye da kowa. Duk lokacin da aka harba, bindiga tana tofo kwanson harsashi ta gefen dama, da zafinsa kamar an ciro shi daga murhu. Yakan bugi allon da ya raba ka da maƙwabcinka ya dawo kanka. In wuyan jallabiya a buɗe yake, ciki zai faɗa. In silifa ce a ƙafa, tsakanin yatsu zai maƙale. Ƙunar ba wata babba ba ce. Haɗarin shi ne mutum ya zabura ya juya da bindiga ɗane a hannunsa. Saboda haka a sa takalmi sau-ciki, a ɓalle maɓallin wuya, a sa hula mai baki in akwai. Babbar riga a bar ta a mota, hannunta yana kama kaya a kan tebur. 'Yan uwa mata su tura bakin mayafi cikin abaya, su tattare hannun riga. Mai juna biyu kuma ta haƙura gaba ɗaya, saboda ƙara da ƙurar dalma.

Kunne shi ne abin da mutanenmu suka fi rainawa. A ma'aunin ƙarfin ƙara, ƙarar .22 tana kusan desibel 140, ta milimita 9 kusan 160, kuma daga 140 harbi ɗaya tak yana iya yi wa ji lahanin da ba ya warkewa. A rufaffen ɗaki bango yana dawo da ƙarar, don haka a haɗa biyu: soson kunne a ciki, marufi a waje. Soson yana da yadda ake sa shi. A murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai a ja saman kunne, a tura shi ciki, a danne da yatsa kamar daƙiƙa ashirin zuwa talatin har ya kumbura ya cika ramin. Wanda aka ɗora a bakin kunne kawai bai tare komai ba. Marufin kuma sai ya manne da fata. Shimag (rawanin Larabawa), hula ko mayafi mai kauri in ya shiga ƙarƙashinsa, ƙara ta samu ƙofa. Duk wanda ya taso kusa da tsofaffin maharba ko 'yan bindigar hawan sallah a Kano, Katsina ko Zariya ya san yadda ake ɗaga murya kafin wasunsu su ji. Muna cewa tsufa ne, alhali albarushi ne ya ci kunnen, kuma soson da zai hana hakan bai kai kuɗin shayi ba.

Kafin a miƙa maka bindiga, malamin, wanda suke kira mudarrib, zai nanata ƙa'idoji, kuma ba ya jin kunyar kowa a kansu. Kowace bindiga a ɗauka ɗane take, ko da yanzu aka nuna maka babu komai ciki. Bakinta yana kallon wajen takarda koyaushe, ko ana loda ta, ko ana magana, ko ana ɗaukar hoto. Yatsa yana miƙe a jikin bindiga, ba ya taɓa kunama sai an gama saiti. In aka ce a tsaya, a cire yatsa, a ajiye ta a tebur bakinta gaba, a ja baya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin Annabi (SAW) ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. Akwai kuma abin da ya hallaka mutane da yawa a duniya: cire gidan harsashi ba ya nufin bindiga ta zama fanko. Harsashi ɗaya yana iya kasancewa ya riga ya hau bututu. Sai an ja kan bindigar baya, an leƙa da ido, sannan a tabbatar.

Tsayuwa: ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙirji ya ɗan rinjaya gaba. Sabon shiga yakan lanƙwasa baya don tsoro, sai bindiga ta riƙa tura shi. Hannun dama ya kama mariƙi can sama, na hagu ya rufe gurbin da ya rage, manyan yatsu biyu su kwanta a gefe ɗaya suna kallon gaba. Kada babban yatsan hagu ya zagaya ta baya, domin kan bindigar yana zamewa baya da ƙarfi a kowane harbi, kuma gefensa yana yanka fata.

Saiti abu biyu ne: ɗan tsini a kan bakin bindiga, da ɗan gurbi a baya. Tsinin ya zauna tsakiyar gurbin, samansu daidai, haske daidai hagu da dama. Ido ya tsaya a kan tsinin, takarda ta yi dishi-dishi, haka ake so. Tazarar da ke tsakanin saitin biyu a Glock 17 kusan santimita 16 da rabi ce, don haka kuskuren milimita ɗaya a wurin yana zama santimita 6 a mita 10, santimita 15 a mita 25. A kuma gane idon da ya fi ƙarfi tun kafin a fara: a haɗa hannu a bar 'yar ƙofa, a hango abu mai nisa ta cikinta, a rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai gushe masa ba shi ne na saiti.

Asirin harbi yana wurin kunama. Jan kunamar Glock yana buƙatar ƙarfin kusan kilo biyu da rabi, alhali bindigar da harsashinta ba ta kai kilo ɗaya ba. Ka ga yatsa ɗaya zai iya karkatar da ita gaba ɗaya. Ana matsa kunama ne a hankali da tsokar kan yatsa, kai tsaye zuwa baya, har harbin ya fita. In ka jawo takardar mai harbi da hannun dama ka ga ramukan sun taru ƙasa ta hagu, bindiga lafiyarta lau. Mai ita ne ke fizgar kunama, yana kuma danna bakinta ƙasa don tarar dukan da yake jira. Bahago kuwa nasa ƙasa ta dama suke taruwa. Maganin shi ne malami ya cire harsashi, ka yi ta matsa kunama a fanko har tsinin ya daina motsi.

Bindiga kan ƙi aiki, kuma kowane ƙi da dalilinsa. Kwanso ya maƙale a tsaye a bakin mafitarsa: yawanci wuyan hannu ne ya yi sanyi, ya shanye ƙarfin da zai tura kan bindigar baya. An ja kunama an ji ƙas, harbi bai fita ba: a ci gaba da nuna gaba na daƙiƙa talatin, domin wani harsashin yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Mafi haɗari shi ne harbin da ya fito da 'yar ƙara, hannu bai ji duka ba. Wannan alama ce harsashi ya tsaya cikin bututu, kuma in aka bi shi da wani, bututun na iya fashewa a hannu. A duk ukun, baƙo ba ya gyara da kansa. Ya cire yatsa, bakin bindiga na gaba, ya ɗaga ɗaya hannun, malami ya zo.

A nan ne bambancin kaya yake fitowa fili. Harsashin masana'anta an auna albarushinsa, na farko da na hamsin a kwali ɗaya nauyinsu ɗaya, bututun kuma an gwada shi da matsin da ya wuce na aiki. Adakar gida maƙeri ne ya haɗa ta, sau da yawa da bututun da ba don harbi aka yi shi ba, albarushi kuma da ido ake zuba shi a danna da tsumma. Yau ya yi kaɗan, gobe ya yi yawa, wani lokaci a manta an ɗura a sake ɗurawa a kai. Ba raina maƙeranmu nake ba, basirarsu ba ta da na biyu idan aka dubi kayan aikin da suke da shi. Amma yatsun maharba da yawa sun tafi ta wannan hanya, kuma ma'aunin albarushi guda ɗaya da ba a canzawa zai rage asarar.

Wanda ya saba da farautar zabi da kurciya zai fi jin daɗin filayen waje, inda ake harbin faifai da shozan, wato irin mai baki biyu. Inji ke cilla faifan, ruwan goro, faɗinsa santimita 11, nauyinsa kusan giram 105, zagaye ɗaya faifai 25. A matse gindin bindiga a kafaɗa sosai, kumatu a jikinta, a harbi gaban faifan, kuma kada a tsayar da hannu bayan an ja kunama. Mai tsayarwa kullum bayan faifan yake harba. In aka bar sarari tsakanin gindin da kafaɗa, za a kwana biyu ana jinya.

Bayan an gama, a wanke hannu da fuska da sabulu kafin a ci ko a sha, saboda dalmar da ke maƙalewa a fata, kayan da aka sa kuma kada a rungumi jariri da su. A zazzage aljihu, a duba naɗin wando da ƙasan takalmi. Kwanso ɗaya, balle harsashi mai rai, in na'urar filin jirgin Jidda ko Madina ta gano shi a jaka, tafiya ta tsaya, bayani kuma sai a gaban hukuma. Kada a ɗauko shi da sunan tsaraba. Takardar saitin ita ce taka, a naɗe ta a tafi da ita.

Hoto ma a yi hattara. A nemi izinin wurin, kada fuskar wasu ta shiga, musamman mata. Kafin a tura shi WhatsApp ko Facebook a tuna halin da Zamfara, Katsina da Sakkwato ke ciki. Hoton Bahaushe riƙe da bindigar yaƙi, in ya rabu da bayaninsa ya shiga hannu na uku, zai iya jawo wa mai shi tambayoyi ranar da ya sauka a Kano, ya kuma jawo wa iyayensa a ƙauye tun kafin ya sauka. In dole sai an tura, a tura wanda allon wurin, malami da marufin kunne suka fito a ciki.