Rumbun kwamfuta ko haddar zuciya?

Kwamfuta da 0 da 1 kawai take ajiya. Ka adana Alƙur'ani a rumbunta, ka buɗe bayan shekaru, ko wasali bai gusa ba. Sai dai ba ta san me ta riƙe ba. Ayar azaba da takardar lissafi duk ɗaya ne wurinta.

Zuciya kuwa akwai mantuwa. Mahaddaci ya yi sake da tilawa, ayoyi masu kama da juna sai su sarƙe masa. Amma shi ne ke zubar da hawaye a sallar dare, kuma nan na fi karkata. Duk da haka, da mahaddata da yawa suka yi shahada a yaƙin Yamama, Halifa Abubakar bai dogara ga ƙirji kaɗai ba, ya sa sahabi Zaidu ɗan Sabit ya tattara Alƙur'ani a rubuce.