Shafin da ya faɗa min abin da ba a faɗa min a kemis ba

Shekara shida ke nan ina shan maganin hawan jini. A farkon bara likita ya ƙara min wata ƙwaya, spironolactone miligiram 25, saboda ukun da nake sha sun kasa sauko da jinin yadda ake so. Ta yi aiki kuwa, jinin ya sauka, na samu sauƙi.

Bayan kamar wata huɗu, ina zaune a ƙofar gida a Tudun Wada da la'asar, jikana ya rugo ya faɗa ƙirjina. Zafin da na ji a ƙarƙashin kan nonon hagu kamar an soka min allura. Da na shiga wanka na lalluba, sai na ji wani tudu mai danƙo-danƙo, faɗinsa kamar murfin kwalba. Mako uku bayan nan na dama ma ya fara. Na koma sa singileti biyu a ƙarƙashin jamfa cikin zafin bazara, ban gaya wa kowa ba. Uwargida ce ta gano. Ta ce, "Malam, kwana biyu ka daina kwanciya rubda ciki, kuma kana dafe ƙirji. Lafiya?" Na ce babu komai, alhali a raina na gama yanke cewa cutar daji ce.

Inda na fara neman bayani shi ne inda kowa ke zuwa: Facebook da zaurukan WhatsApp. Wani ya ce cin kajin gidan gona ne, wani ya ce sammu, wani yana sayar da shayin da zai narkar da abin cikin kwana bakwai, ga lambar asusun banki a ƙasa. Ko mutum ɗaya bai tambaya ko ina shan wani magani ba. Ni kaina ban kawo ƙwayar a raina ba, don a kemis ɗin unguwa nake saye, ana yanko min kati biyu a sa a leda, ba kwali, ba takardar da ke cikinsa. Wannan al'ada tana cutar da mu fiye da yadda muka zata, domin a cikin wannan takardar da ake jefarwa aka rubuta duk abin da ya hana ni barci.

Ɗana ne ya buɗe min shafin NHS, hukumar lafiya ta Ingila, a wayata, ya nuna min sashen magunguna da aka jera bi da bi daga A zuwa Z. Da ya fita na bi ƙwayoyina ɗaya bayan ɗaya. Ina zuwa kan spironolactone na ga an rubuta ƙarara cewa ciwon nono da girmansa, har ga maza, yana cikin illolin da aka saba gani. Na karanta layin nan sau uku.

Abin da ya sa na yarda da shafin: ba talla ko ɗaya, ba wanda ke son sayar min da komai, kuma a ƙasan shafi an sa ranar da aka sake duba bayanin. An raba illolin gida biyu, waɗanda aka saba gani da waɗanda ke buƙatar likita nan take. Turancinsa mai sauƙi ne, wanda ya gama sakandare zai gane, kuma yana buɗewa ko da sabis ya yi rauni. Na gwada MedlinePlus na Amurka don in tabbatar, maganar ɗaya ce. Sharaɗin kawai shi ne ka san sunan maganin na ainihi, wanda ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe a bayan kati, ba sunan da kamfani ya raɗa masa ba. Lambobin wayar da ke ciki kuma na mutanen can ne, ba su shafe mu ba.

Amma shafi ba ya taɓa ƙirjin mutum. Na tafi wani babban shagon magani a cikin gari inda akwai ƙwararriyar mai harhaɗa magunguna, na nuna mata katin. Ta ce, "Baba, kada ka daina sha da kanka, jinin zai iya haurawa. Ka koma wurin likitanka a makon nan." Ta yi min bayani cewa ƙwayar tana tare wa sinadarin mazakuta hanya a jiki, sai naman nono ya samu damar girma. A babban gwajin da aka wallafa a 1999 kan masu ciwon zuciya, maza goma cikin ɗari da suka sha ta sun samu wannan matsala, a kan ɗaya cikin ɗari na waɗanda ba su sha ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce: akwai cimetidine ta gyambon ciki, da finasteride da ake ba masu kumburin prostate (ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), da efavirenz ta masu cutar ƙanjamau, da risperidone ta masu taɓin hankali, da allurar da samari masu ɗaga ƙarfe ke yi don tsoka ta fito. Mai harhaɗa magungunan ce ta sa min manhajar Med Safety ta NAFDAC, wadda aka ƙaddamar a 2020, muka shigar da rahoton abin da ya same ni a tsaye a wurin. Ban taɓa sanin talaka ma yana da hurumin kai irin wannan rahoto ba.

Likita ya duba ni sosai, ya sa aka auna ƙoda da hanta da fotasiyum ɗin jini. Ya ce abin da ke ɗaga musu hankali shi ne ƙullutu mai tauri a gefe ɗaya wanda ba ya motsi, ko jini daga kan nono, ko fata ta lotsa ciki, don maza ma suna kamuwa da dajin nono ko da yake ba kasafai ba. Nawa ba haka yake ba. Ya kuma ce gara da na zo da wuri, domin idan kumburin ya shekara naman kan yi tauri, ya ƙi komawa sai da tiyata. Ya canza min ƙwayar. Zafin ya tafi cikin makonni, kumburin kuma sai da ya ɗauki watanni yana raguwa.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne wanda bai iya Turanci ba. Kwanakin baya wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci ya ja ni gefe bayan isha'i, ya rage murya, ya ce ya ji an ce na yi fama da wani abu a ƙirji. Na ce ya kawo katin maganinsa. Washegari muka zauna a zaure, ina karantawa ina fassara masa layi-layi, ranar Litinin kuma na raka shi asibiti.