Mai zayyanar baitoci a Madina: Larabci ba magana, ajami kuwa sai ka tsaya a kansa

Shagon ƙarami ne, a wani lungu bayan otal-otal ɗin da ke arewa da Harami. Mai shi dattijo ne Bamisre, da hannu yake rubutu ba da kwamfuta ba. Alƙalamin gora yake ferewa a gabanka, ya tsoma a tawada, ya gwada a gefen takarda kafin ya sa hannu a aikin.

Aiki biyu na ba shi. Na farko baitin buɗe Daliyya, ƙasidar begen Manzon Allah (SAW) da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi yana saurayi, inda yake fatan samun hanyar zuwa Ɗaiba, wato Madina. Shehu ya rasu a 1817 bai taka ƙasar nan ba, shi ya sa na so a rubuta baitin a cikin garin da ya yi wa bege. Wannan kam dattijon ya yi bajinta. Ya yi shi da salon rubutun Larabci da ake kira sulusi, alifai a miƙe kamar sahun salla, sunan Annabi da ruwan zinare, ya zana koriyar ƙubba can ƙasa, 'yar ƙarama, yadda ba za ta danne rubutun ba. Da ya gama ya ce, "Ya Hajji, wannan shaihin naku ya san Larabci." Na ce, "Ustazu, ai kaɗan ka gani."

Na biyun ne ya ba mu ciwon kai: baitoci daga Imfiraji na Malam Aliyu Namangi, makahon Zariya, da na kwafo masa da ajami. Mu rubutun Warash muka gada a makarantar allo, fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Shi kuwa ya ɗauka kuskure ne, ya gyara min su zuwa na Gabas, har ɗigon imala, mai ba da wasalin "e", ya share. Waƙar ta tashi daga Hausa ta koma abin da ba ya karantuwa. Ya sake rubutawa bai ƙara ko riyal ɗaya ba, amma sai da na zauna kusa da shi ina nuna masa harafi-harafi.

Kuɗinsa da ɗan tsada, firam ɗin kuma roba ce, ba katako ba. In jirgi za ka hau, ka ce ya naɗe maka takardar kawai, ka sa gilashi a gida.