Kujerar barcin da na gwada a Mancesta

Ƙanwata ya karatu, ya su Inna, ya zafin Bauchi? Kin ce in ba ki labarin abin da ya fi ba ni mamaki a nan, to wallahi barci ne, mutanen nan kuɗi suke kashewa don ɗalibi ya runtsa da rana.

Tun 2015 Jami'ar Mancesta da ke nan Ingila ta saka wata kujerar barci a ginin karatunsu na Alan Gilbert. Na samu irinta na gwada lokacin jarabawa, ga hunturu, kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, ido ya yi ja. Kamar kujerar likitan haƙori take, ka kishingiɗa ta ɗaga maka ƙafa, ka jawo wani ƙoƙo ya rufe maka kai har ƙirji, wani ɗan sauti na tashi a hankali, minti 20 na cika sai ta fara girgiza tana kunna haske, wai tashi lokacinka ya yi. Ni dai minti goman farko tunanin jakata nake kar a ɗauke, halin gida bai bar ni ba.

Minti 20 ɗin da dalili, in ka zarce ka nutse cikin barci mai nauyi sai ka tashi kai kamar an ɗora maka dutse. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ma ta gwada a kan matuƙan jirgi, barcin kusan minti 26 ya sa sun fi natsuwa a bakin aiki. Na ce oho, ƙailula ce fa, wadda Baba ke yi kullum bayan Azahar a zaure.

Amma kujerar nan dubban fam ce kuma mutum ɗaya take ɗauka, sauran sai kifa kai a tebur kamar mu. Da kuɗin guda ɗaya tabarmi nawa za a saya a kasuwar Muda Lawal?

Abin da ya tsaya min a rai ku ne mata. Mu maza lokacin da nake karatu a gida, in an yi kwanan aji ana haddar handawut, ana idar da Azahar sai ka miƙe a barandar masallaci, takalmi ya zama matashi, waya cikin aljihu ka danne ta da cinya. Ke fa? Daga lacca 8 na safe har 6 na yamma, hostel da nisa ko ma daga cikin gari kike zuwa, ba dama ki kwanta a gindin bishiya a fara magana. Ɗaki ɗaya ya isa, tabarmi, fanka mai sola, raga a taga saboda sauro, loka mai makulli, da wata dattijuwa a bakin ƙofa tana duba agogo tana tashin mutane. Ku kai wa shugabannin ƙungiyar ɗalibai maganar kafin zafin Afrilu, sai dai kar ku nuna musu hoton kujerar, yanzu sai su ce ba kuɗi.

A gaida Inna, ki ce mata yajin ya kusa ƙarewa.